Hasken laptop yana dusashewa da zarar an cire caja

Abban_Hafsat:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Laptop ce mai Intel Core i5 da Windows 11. In tana kan caja allonta tar yake, amma da an ɗauke wuta ta koma kan batir sai hasken ya riƙa raguwa a hankali, launuka su koɗe. Abin ya fi muni in na buɗe shafi mai duhu, in na koma fari kuma ya ɗan dawo. Hasken yana kan 100. Allon ne ya kusa mutuwa ko batir?

Inj_Sabo:
Wa alaikumus salam Malam. Tunda hasken yana bin launin shafin da ka buɗe, kada ka kashe ko sisi tukuna. Wannan aikin DPST ne, wata dabara da Intel ta sa don tattalin batir. In hoton da ke allo mai duhu ne, sai ta rage fitilar da ke bayan allon, ta kuma ɗaga launukan don ta cike giɓin. Wannan ɗagawar ce kake gani kamar koɗewa, kuma a kan batir kaɗai take aiki, shi ya sa caja ke ɓoye ta.

Buɗe Intel Graphics Command Center, ka shiga System, sannan Power. A ɓangaren On Battery ka kashe Display Power Savings. In akwai Panel Self Refresh a wurin kuma allon yana ƙyaftawa, shi ma kashe shi. Daga nan ka je Settings na Windows, System, Display, ka buɗe Brightness, ka mayar da "Change brightness based on content" zuwa Off. Mutane da yawa suna kashe ɗaya su bar ɗayan, sai su ce gyaran bai yi ba. Masu AMD su nemi Vari-Bright a manhajar AMD, aikinsu ɗaya.

Batir zai ɗan fi saurin ƙarewa. A ganina hakan ya fi a yi ta matse ido.

Maman_Ilham:
Ƙari a kan na Injiniya: a da Windows tana riƙe matakin haske biyu, na caja daban, na batir daban, amma tun 2019 mataki ɗaya take riƙewa.  Battery saver (Energy saver a sabuwar Windows 11) yana kunna kansa in batir ya yi ƙasa ya rage haske, duba shi a Power & battery.

Mai_Gyara_Farm:
In an yi duk wannan bai daina ba, a raba gardama da BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Kashe ta, ka kunna kana danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce. Kana ciki ka zare caja. Windows ba ta da iko a nan. In hasken ya sauka mataki ɗaya ya tsaya, lafiya lau, wasu Dell ma suna da wurin saita hasken batir a cikin BIOS ɗin. In kuwa ya riƙa rawa ko ya ɗauke, to kayan ciki ne.

Fara da batir. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton da ya fitar, ka kwatanta Design Capacity (ƙarfin batirin yana sabo) da Full Charge Capacity (abin da yake ɗauka yanzu). In na biyun bai kai rabin na farkon ba, batirin ya gaji, wutarsa tana faɗuwa da an ɗora masa nauyi. Sannan ka motsa murfin gaba da baya a hankali kana kallo. In hasken yana canzawa da motsin, wayar eDP ce, wadda ke haɗa allo da bod, ta fara tsinkewa a wajen mahaɗin murfi. Yawanci mai fil 30 ce, wasu 40, a duba lambar jikinta kafin a saya. In allon ya yi baƙi ƙirin, haska shi da tocila daf da gilashin. Ganin hoto dishi-dishi yana nufin fitilar baya ce ko fis ɗinta.

Don Allah duk mai buɗewa ya cire soket ɗin batir daga bod kafin ya taɓa wayar allo. Akwai wuta a kanta ko da na'urar a kashe take, kuma fil ɗaya ya gogi na kusa da shi ya isa ya ƙona fis ɗin.

Abban_Hafsat:
Display Power Savings ɗin ne, Injiniya. Na kashe shi da na Windows, hasken ya tsaya cak. Rahoton batir ya nuna kashi 70 da ɗoriya, zan ci gaba da shi. Allah ya saka muku da alheri.