Jini ya dawo ana cikin rage prednisolone: ciwon ne ya tashi ko atini?

Assalamu alaikum likitocin hanji, don Allah a taimaka da haske. Sabon majinyacin ulcerative colitis, wato gyambon babban hanji, yana kan magungunan rage kumburi, mesalazine da prednisolone miligiram 40, ana rage 5 duk mako. Ga inda kai ya ɗaure: an sauko 15, sai gudawa da jini da majina ta dawo, sau shida a yini. Atini ma haka yake zuwa, kuma ƙara prednisolone a kan amiba, ƙwayar cutar da ke kawo atini, na iya kai wa ga hujewar hanji. A jira gwajin bahaya, ko a fara metronidazole, maganin amiba, tukuna? A tsaya a 15 ɗin? Yanke prednisolone lokaci guda dai haɗari ne. Diclofenac kuwa, maganin rage zafin ciwo, an hana shi tun farko, tunda yana tayar da ciwon.