Man 'yan bumburutu ya kwantar min da Keke

Sani Mai Keke: Jama'a ku taya ni ji. Jiya na sha mai wajen 'yan bumburutu a tashar Dukku, ban kai Pantami ba Keke ta fara tari, hayaƙi baƙi ƙirin. Da aka kwance fulogi sai ga shi kamar gindin tukunya. Ga mai namu kwance a Kolmani, filin man nan na kan iyakar Gombe da Bauchi, amma jagwalgwalo muke saya da tsada. Wallahi abin da ciwo.

Baffa Makanike: Sani ɗana, kananzir suka sirka maka. A matata dafa ɗanyen mai ake yi har ya zama tururi ya hau hasumiya. Fetur mara nauyi ya fita ta sama, kananzir a tsakiya, gas (wato dizal) ƙasa da shi, kwalta a gindi. Kananzir ba ya cinyewa tas a injin fetur, shi ne hayaƙin nan da ƙwanƙwasar inji.

Malam Idi: Baffa, a yi min afuwa, kananzir yanzu ya fi fetur tsada, wa zai sirka ya yi asara? Ka tuna Fabrairun 2022, man da aka shigo da shi daga Beljiyam, sinadarin methanol ya yi masa yawa, motoci suka yi ta mutuwa. Ba kullum laifin yaran jarka ba ne.

Ɗan Alkaleri: Tsaya tukuna. Namu? Naku da wa? Rijiyar tana Barambu, ƙaramar hukumar Alkaleri, jihar Bauchi. Nan Buhari ya zo a Nuwamban 2022.

Usman Akko: Ƙasar Pindiga fa, ka manta da ita? Filin man ya ratsa ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, kowa ya sani.

Ɗan Alkaleri: Ku da sai 1996 aka yanke ku daga jikinmu!

Usman Akko: An yanke mu da ƙasarmu, ba a bar muku ita ajiya ba.

Maman Hanifa: Ku dubi Allah ku koma kan hayaƙin. Yarona asma gare shi, in janaretan maƙwabta ya tashi da dare kwana muke zaune yana shaƙar numfashi. Sinadarin sulfa da ke cikin mummunan mai shi ke cin ƙirji, kuma hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki kisa yake yi.

Ɗan Alkaleri: Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Usman, kawo taswira.

Usman Akko: Kai ka fara kawo taka.

Sani Mai Keke: Ni fa kuɗin gyara nake nema.

Alhaji Bappah, shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta, Baffa ya yi bayani mai gamsarwa, Usman kuma ya kawo hujja cewa Gombe na da haƙƙi a Kolmani, ɗan'uwanmu na Bauchi bai iya rushe ta ba. Sani, ka riƙa shan mai a gidan mai. Na rufe maganar.