Neman kalma: me za mu kira "exclusion" na makaranta?

Mai Shiri, Katsina: Assalamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe huɗu zan gabatar da shiri kan yaran da ake raba su da aji, zan kawo misalin Ingila. Can dokar ilimi ta 1986 ce ta kasa abin da suke kira "exclusion" gida uku: na ɗan lokaci, na sai-baba-ta-gani, da na dindindin. A 1993 aka soke na tsakiyar. Abin da ya tsaya mini a rai, alƙaluman gwamnatinsu sun nuna yaran da ake ba abinci kyauta a makaranta, wato 'ya'yan talakawa, sun fi sauran shan korar dindindin ninki huɗu ko fiye. Kalma ɗaya nake nema da za ta rufe duka.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Kora da dakatarwa mana. Su muke faɗa a ofishin hedimasta.

Baban Khalifa: Biyu ke nan Malama, ɗaya ya nema. Warewa fa?

Dattijo, Daura: A'a, warewa ta rabon kaya ce. Ni tuntuni nake cewa "katangewa". An gina wa yaro katanga tsakaninsa da ilimi. Ita ce ta fito da nauyin abin.

Malamar Firamare: Allah ya ƙara girma Baba, amma uwar da aka maido wa ɗanta ba ta cewa an katange shi. "An koro shi" take cewa. Makon jiya na ga wani yaro tsugune bakin get, littattafansa cikin ledar burodi, silifas ƙafa ɗaya ya tsinke. Kuɗin PTA ne ba a kawo ba. Ba wanda ya rubuta cewa an kore shi, rajista ma tana ɗauke da sunansa. Ga dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta Najeriya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole.

Baban Khalifa: Turawan ma suna da wannan, "off-rolling" suke ce mata: a matsa wa iyaye har su cire yaron da kansu.

Malamar Firamare: Ai wannan kora da hali ce!

Dattijo, Daura: Matsalarku ke nan. Duk kalmar da ba ta fito daga Kano ko rediyon waje ba, sai ku ce ta yi nauyi. Mu da Kusugu ke bayan gidanmu za a koya wa Hausa?

Ɗan Ƙofar Soro: Baba, ba mai ja da Daura. Amma Katsina da aka buɗe kwaleji tun 1922 ita ma tana da ta cewa a harkar makaranta.

Dattijo, Daura: Kwalejin da Turanci aka yi karatun cikinta, ɗana.

Mai Shiri, Katsina: Don Allah iyayena, lokaci na tafiya. Ga inda na tsaya: dakatarwa, kora, sai kora da hali, wadda ita ce ta fi cin 'ya'yan talakawanmu. Kalmar da za ta haɗa su ban samu ba, zan ce "raba yaro da makaranta".

Dattijo, Daura: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Kora da hali kam na yarda da ita. Amma ka ambaci katangewa ko sau ɗaya, masu sauraro su yi alƙalanci.

Mai Shiri, Katsina: In sha Allah Baba, a gabatarwa zan sa ta. Malama, ko za ki iya kiran waya da huɗu da rabi ki ba da labarin yaron nan, ba tare da suna ba?