Koyar da nas-nas ta intanet, wa ya taɓa gwadawa a asibitinsu?

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da sashen ƙaro ilimin ma'aikatan jinya a asibitinmu, kuma gaskiya bitar da muke haɗawa a ɗakin taro ta daina aiki, masu dutin dare sun tafi gida barci, na safe ba halin su bar marasa lafiya, sai ki ga ɗalibai ne kawai suka cika kujerun. Yanzu shugabanni sun ce mu koma ta intanet. Wa ya taɓa yi? Da wace manhaja, kuma ya kuka yi da maganar data? Sannan in mutum ya gama, zai shiga lissafin sabunta lasisi?

Nas Bashir:
Wa alaikumussalam Hajiya. Bari in fara da ta ƙarshen don ita kowa zai tambaye ki. Lasisin NMCN, wato hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, duk shekara 3 ake sabunta shi kuma sai da shaidar MCPDP, wato shirin ƙaro ilimi na dole da hukumar ta tsara, to kwas ɗin da kuka haɗa a cikin gida ba zai shiga lissafi haka kawai ba sai hukumar ta amince da shi, ki nemi masu kula da MCPDP na jiharku tun kafin ki yi wa mutane alkawari. Manhaja kuwa mu Moodle muka sa, kyauta ce, kuɗin ajiye ta a intanet kawai ake biya, kuma ana iya sauke darasi a waya inda akwai netwok a karanta daga baya. Bidiyo kar ya yi tsawo don Allah, minti biyar zuwa bakwai ya isa.

Anti Ungozoma:
Ƙanwata ki yi, amma ki san inda abin ya tsaya. Lissafin magani, alamomin zazzaɓin Lassa, yadda ake cike takardun mara lafiya, duk waɗannan waya za ta koyar. Aikin hannu kuwa sai hannu. Ki duba binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan zubar jini bayan haihuwa: leda mai ma'auni ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai haihuwa a ga jinin da ya zuba, da ya kai mililita 500 sai a haɗa komai lokaci guda, murza mahaifa, oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, tranexamic acid mai rage zubar jini, ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, kuma mummunan sakamako ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Yarinya za ta iya haddace wannan jerin a waya ta ci jarrabawa tsaf, amma ranar da jini ya ɓalle ƙarfe biyun dare in ba ta taɓa yin atisayensa da abokan dutinta ba, wa zai ɗauko me, wa zai kira likita, wallahi tsayawa za ta yi tana rawar jiki. Haka farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba, minti ɗaya ne da ke, sai an riƙe jakar iskar nan ta hura wa jariri numfashi an gwada a jikin 'yar tsana har hannu ya saba.

Sista Zee:
Ni ƙaramar ma'aikaciya ce, Mama ki ji ta ɓangarenmu. In aka ce mu yi a gida bayan duti da datarmu, abin da zai faru shi ne mutum ɗaya ya yi, ya turo amsoshin a WhatsApp kowa ya kwafa, ku ga satifiket ya cika fayil alhali ba wanda ya koyi komai. A ware mana ko awa ɗaya a sati cikin lokacin aiki, a sa wayfay a ɗakin hutu. Kuma iyayenmu manyan sistoci wasu ba su saba da irin wannan ba, suna jin nauyin tambaya, a haɗa kowace da yarinya ɗaya.

Maman Khairat:
Na gode ƙwarai. Anti, atisayen sau nawa kuke yi?

Anti Ungozoma:
Mu duk wata, a cikin ɗakin haihuwar kansa ba ɗakin taro ba, lokacin miƙa duti don a samu na safe da na rana tare. Wadda ba ta gama darasin waya ba ta gama kafin ranar, kuma sai babbar sista ta gan ta ta yi da hannunta sannan ta sa mata hannu a takarda.