Tambaya kan Darak: yaya ƙauyen da ake kashe naira ya zama na Kamaru?

Ɗan Gamboru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman bayani kan Darak, tsibirin nan na tafkin Chadi. Yawancin masuntan wurin daga Najeriya suka fito, Hausa ake ji a kasuwa, kuma an ce a da yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ngala ta jihar Borno. To yaya aka yi yanzu yake yankin Logone da Shari na Kamaru? Sayar da shi aka yi?

Malam Na Bakin Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ba a sayar ba. Sai ka fahimci tafkin kafin ka fahimci rikicin. A farkon shekarun 1960 faɗin ruwan ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Da farin shekarun 1970 ya zo, tafkin ya rabu biyu, kwarin arewa da na kudu, sannan farin 1984 ya ƙara janye shi. Darak yana kwarin kudu, wanda kogin Shari ke cikawa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin daga Shari da Logone yake zuwa.

Ruwa na ja da baya zuwa gabas, masunta daga gaɓar Najeriya na binsa. Duk inda tudu ya fito sai a kafa tunga, a kafa bukkoki da wurin yin banda, a naɗa bulama, wato mai gari. Bayan su sai manoma suka zo, don ƙasar da ruwa ya sauka a kanta tana ba da masara da wake ba tare da ruwan sama ko taki ba. A haka mutane suka tsallaka iyaka ba su sani ba, domin babu abin da ke nuna ta a tsakiyar ruwa da ciyawa.

Hajiya Mai Tarihi:
Malam ya yi bayanin ƙasa, bari in ƙara na takarda. Kafin Turawa, wannan gaɓar ta sarakunan Kotoko ce irin su Makari, waɗanda ke bin Borno. Rabe ya ci Borno a 1893, aka kashe shi a Kusuri a 1900, yankin ya faɗa hannun Jamus. Bayan yaƙin duniya na farko Ingila da Faransa suka raba Kamarun Jamus: Dikwa ta tafi ga Ingila, Makari da Kusuri ga Faransa. An rubuta iyakar a sanarwar Milner-Simon ta 1919, aka ƙara fayyace ta a ta Thomson-Marchand, aka tabbatar da wasiƙun Henderson-Fleuriau na 1931. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ɓangaren Dikwa ya shiga Najeriya, layin kuwa bai motsa ba.

Idan kana son gani da idonka, buɗe taswira ka sa ɗigo a digiri 13 da minti 5 arewa, kimanin digiri 14 da minti 5 gabas, nan ne mahaɗar Najeriya da Kamaru da Chadi. Ka sa wani a bakin kogin Ebeji, wanda ake kira El Beid, a digiri 12 da minti 32 arewa, 14 da minti 12 gabas. Ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu, kimanin kilomita 60. Darak yana gabas da layin. Inda mutane ke kuskure shi ne su ɗauki bakin kogin na yau, alhali ya sauya wuri tun da tafkin ya ja. Na 1931 aka yi aiki da shi a shari'ar iyakar.

Lauya Ɗan Yerwa:
Kamaru ta kai ƙara kotun duniya da ke Hague a Maris 1994 kan Bakassi, a watan Yuni ta haɗa da yankin tafkin. Najeriya ta kawo hujjar cewa ita ke karɓar haraji, ita ta gina makarantu da asibiti, ta ajiye 'yan sanda. A hukuncin 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce gudanar da mulki a wuri ba ya kawar da yarjejeniyar da ta riga ta ba wani wurin, musamman da yake Kamaru ba ta taɓa amincewa ta bar shi ba. A Disamba 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30, har da Darak.

A ganina hukuncin ya dace da doka, amma talaka ne ya sha wahalarsa. Ka bambance abu biyu, Ɗan Gamboru: ikon ƙasa ne ya koma Kamaru, mazauna ba a ce su tashi ba, Kamaru ma ta yi alkawari a gaban kotu cewa za ta kare 'yan Najeriya da ke wurin. Sai dai gonar bakin tafki ba ta da takardar mallaka. Bulama ne ke rabawa bayan ruwa ya sauka, kuma gonar bana tana iya zama ƙarƙashin ruwa baɗi. Saboda haka duk wanda zai karɓi fili a can, ya yi a gaban bulama da shaidu, a faɗi iyaka da kason amfanin da zai bayar, ya kuma riƙe takardar izinin zama ta Kamaru, don ita jandarma ke fara tambaya.