Kalmar "gado" ta hana gida barci

Baban yaro: Salamu alaikum. Daren jiya muka dawo Tahoua daga Yamai, raina a ɓace. Shekara 3 ana ɗura wa yaron nan maganin palu duk sa'ad da haɓo ya ɓalle masa, matashin kai ya jiƙe sharkaf kafin asuba. Ko ƙwallo ta buge shi sai wurin ya yi baƙi. Har aka ce sakacin uwarsa ne. To, analiz ta fito: plaket ɗinsa, ƙwayoyin nan masu tsai da jini, 40,000 ne, na mai lafiya kuwa daga 150,000 zuwa 450,000. Likita ya ce ga su kaɗan, ga su manya-manya, ya fi zargin ciwon gado mai suna Bernard-Soulier. Wa zai fara ba uwarsa haƙuri?

Gwaggo: Gado? Gadon wa? Kakanku har ya tsufa wanzami na yi masa ƙaho, jini bai taɓa ƙin tsayawa ba. A duba wani gefen.

Kawu: Hajiya, fito fili. Ɗiyarmu kike nufi.

Gwaggo: Ni ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Auta: Na gani a intanet, daga uwa ake ɗauka, kuma maza kaɗai yake kamawa.

Majo (ma'aikacin jinya): Auta, ka haɗa biyu. Wanda ka gani Wiskott-Aldrich ne, shi ke bi ta uwa ya kama ɗa namiji, da ƙaiƙayin fata da yawan ciwo, plaket ɗinsa ƙanana. Bernard-Soulier kuwa likitoci biyu na Faransa suka bayyana shi a 1948. Sai uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi, su kansu lafiya lau. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu ne. Kamar emasi dai, wato sikila. Don Allah kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, kuma batun kaciya a bar wanzami, a kai shi likita.

Gwaggo: Emasi kuma? A'uzubillahi! Yanzu ka liƙa mana na biyu.

Majo: Misali na yi, Gwaggo.

Kawu: Uba rabi, uwa rabi. To su biyun ba jikokin mutum ɗaya ba ne? Wa ya nace sai an yi auren zumuncin nan, wai tuwona maina?

Gwaggo: Da kuka karɓi sadaki ba ku ce haka ba.

Yaya babba: Tunda an zo maganar gado, gonar albasar marigayi fa? Damana biyar ke nan wani na ci shi kaɗai.

Kawu: Ni na haƙa rijiyar, ni na sayi injin ban ruwa. Ka kawo jikka ɗari uku mu zauna.

Yaya babba: Da kuɗin wa ka saya?

Inna: Ni dai na ce a nema wa yaro rubutu. Baki ne.

Majo: A yi addu'a, Inna, amma palu ma kanta tana rage plaket, ku sa shi cikin sange.

Baban yaro: Jama'a, haƙuri na ce a ba matata.

Baffa: A matsayina na mai kula da zauren nan, ga abin da aka tsayar. Auta ya kawo hujja cewa irin wannan ciwo ta wajen uwa yake bi, Majo ma ya ambaci uwa da bakinsa. Ƴar uwata ba ta zagi kowa ba, Kawu ne ya tsokano. Gona kuma ta marigayi ce, rijiya ba ta mai da ita ta wani. Za mu zauna bayan sallar Juma'a. Na rufe rubutu sai gobe.