Wa ya ga sakamakon gwajin jininka bayan kai?

Uwar Biyu: Salam 'yan uwa, dan Allah duk wanda ya taɓa gwajin jinotaif (na gano ko mutum yana ɗauke da sikila) ko aka ɗebi jininsa wai za a yi bincike ya faɗa mana yadda aka yi da sakamakon. Ni dai nawa har yau yana min ciwo. Wanda na fara so mun je gwaji tare, ni AS shi ma AS, wato muna ɗauke da sikila a jini amma ba ma ciwon, wlh kafin mu iso gida gwaggonsa ta riga ta ji, ashe mai aunawar ɗan unguwarsu ne. Fasa auren ban ƙi ba don na ga yadda sikila ta wahalar da yayana har Allah ya karɓi abinsa, amma sai aka dinga yawo da mu wai gidanmu masu ciwon jini ne, ƙannena mata biyu da ko asibitin ba su taka ba manemansu suka janye.

Ɗan Fagge: Allah ya ji ƙan yayanki Anti. Ai abin da mutane ba sa lura da shi kenan, jinin nan rabi na uwa ne rabi na uba, in ka tona na mutum ɗaya ka tona na gidansu. Dokar gwaji kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, AS da AS duk ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai ciwon sikila, ba wasa ba ne. Amma a ɗaurin auren abokina da kunnena na ji an karanto takardar a lasifika, ango kaza amarya kaza, gaban jama'a! Ai cewa an duba ba matsala ya wadatar.

Maman Sikila: Ni nawa daban ne. Yarona SS ne, wata rana a asibiti wasu suka zo da takarda shafi huɗu duk Turanci, wai bincike ne kan ƙwayoyin halitta, na sa hannu saboda ina ganin ko za a samo magani. Shekara uku kenan ba wanda ya sake nemana. Jinin yana ina, an fita da shi waje ne, an zubar ne? Mahaifiyata faɗa ta yi ta yi min, ita har gobe ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba.

Ɗalibin Lab: Mama kina da haƙƙin komawa ki tambaya, kuma kina iya cewa kin janye. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan ƙwayar halitta cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Irin haka ta faru da ƙabilar Havasupai a Amurka, an ɗebi jininsu don ciwon suga aka yi wasu bincike daban da shi, sai a 2010 jami'ar da ta yi binciken ta biya su diyya ta mayar musu da jinin. Binciken kansa muna buƙatarsa fa, tun 2003 aka kammala aikin karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam amma yawancin bayanan da aka tara na Turawa ne. A yi da mu, amma a yi bayani da Hausa.

Baƙon Ingila: Ni da kuɗina na tofa yawu a kwalba na aika wa wani kamfani don in san asalina. Da na ji an yi wa 23andMe, wani kamfani mai irin wannan gwajin, kutse a 2023, bayanan mutum kusan miliyan 7, ranar na nemi nawa kamfanin su goge komai. Sun ce sun goge.

Uwar Biyu: Maman Sikila dan Allah in kin koma asibitin ki dawo ki faɗa mana me suka ce.